Ciwon da Inna Ta Sa wa Suna Faifai

Ina da shekara talatin da biyu ciwon ya same ni, ko da yake ba zan iya nuna ranar da ya fara ba. A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare ta ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, a gefen babban kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani. Aji uku ne a hannuna. Wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, a duk layinmu mutum biyu ne ke da ita. Maigidana manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, har ni. Sana'ar Inna turara shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. Rabin duro biyu gare ta a kan murhu bayan ɗakinta, kuma in ka shigo gidanmu da hantsi ƙamshin shanshera mai zafi ne zai fara tarbarka kafin wani ya amsa maka sallama.

A gaban allo na fara lura. Na ɗaga hannu zan rubuta kwanan wata a sama, sai na ji kafaɗata kamar wadda aka bi da muciya. Na ce kwanciya ce ban yi daidai ba. Bayan kwana biyu kafaɗar ta saki, wuya ya ɗauka. Wuya ya saki, ƙugu ya ɗauka, sannan cinyoyi, sannan sha-raɓa. Ciwon ba ya zama wuri ɗaya. In aka tambaye ni ina ne ke ciwo, sai in rasa inda zan nuna, don wurin da na nuna jiya yau lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci zugi ne can cikin tsoka, wani lokaci raɗaɗi a saman fata kamar an shafa barkono. Da safe kuwa nakan tashi a sanƙare, da gajiyar da ta fi wadda na kwanta da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannuwana. Ina jin yatsuna sun kumbura, sun yi nauyi, sun yi suntum kamar rogo. Alli ma sai in ji yana neman ya fi ƙarfin riƙona.

Inna ce ta fara yanke hukunci. Ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan. Duk wanda ke kwana kusa da ruwan nan sai sanyi ya shige shi." Ta dafa mini sassaƙe mai ɗacin da har yanzu in na tuna sai bakina ya tara yawu. Aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a baya. Na sha rubutu. Na shafa man zafi har yaran ajina suka riƙa gane na iso tun kafin su gan ni. A ɗan asibitin garinmu aka yi mini maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na taifot, aka sake yin na taifot. Daga kemis kuma na riƙa sayen ƙwayoyin ciwon jiki da na kumburi, ina sha safe da yamma. Ba su rage ciwon ba sai kaɗan, suka kuma ƙara mini zafin ciki.

Ga mantuwa. Wata rana ina tsaye gaban aji ina koyar da sassan jikin tsiro, kalmar "saiwa" ta ɓace mini ɓat. Ni da na tashi cikin gona. Na tsaya ina nuna zanen da alli ina cewa, "Wannan, wannan na ƙasan," har yara suka haɗa baki suka faɗa mini. Na ce musu dama gwada su nake yi. Suka yi ta murna sun ci jarrabawa, ni kuwa gabana yana faɗuwa.

Haka na yi fiye da shekara guda. Kuma duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malama, ai kin ji sauƙi, ga ki nan kin yi kyau." Ban rame ba, ban yi fari ba, idona bai faɗa ba. Na fara jin kunyar cewa ba ni da lafiya.

Maigidana mutum ne mai son awo. Ba ya yarda da ido. In zai ja fangali a gona sai ya kafa turke ya ja igiya, ko da maƙwabtansa na yi masa dariya. Wata ranar Asabar da jikina ya yi daɗi, ina zaune ina tsince wake, ya zo ya tsuguna gabana da zaren ɗinki.

Ya ce, "Malama, ba ni hannunki."

Shi ma Malama yake ce mini, tun muna sabon aure, rabi girmamawa rabi tsokana. Na miƙa masa. Ya zagaya zaren a yatsana na tsakiya, ya ƙulla, ya yanke da haƙori, ya sa a aljihu ya fita. Na bi bayansa da murmushi. Na ce a raina, zobe zai sayo mini. Har na fara tunanin ko na azurfa ne.

Bayan kwana biyar na tashi cikin mummunan yanayi. Na kasa zuwa makaranta. Ina zaune a bakin gado na ɗora hannuwana a cinya ina cewa yau kam sun kumbura sun kusa fashewa. Sai Maigida ya zaro zaren nan daga aljihu, ya kama yatsan, ya zura. Zaren ya shige sumul, ya zauna daidai inda ya zauna ranar Asabar.

Ya ce a hankali, "Kin gani? Bai kumbura ba."

Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba. Na fizge hannuna, fizgar ma ta yi mini ciwo. Na ce, "Wato ƙarya nake yi? Shekara guda ina kwance ina tashi, ashe kai awo kake yi ka kama ni?"

"Ni ban ce ƙarya kike ba."

"To me ka ce?"

"Na ce bai kumbura ba."

Na fashe da kuka. Inna ta jiyo daga wajen murhu, ta shigo da ludayin kwasar shinkafa a hannu, zufa na zuba. Na faɗa mata komai cikin kuka, har da zancen zoben da na sa rai. Ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Kai yanzu matar taka ka mayar fangalin albasa?"

Ya ce, "Inna, so nake in gane abin. In kumburi ne, maganin kumburin da take sha ai da ya yi aiki. In ba kumburi ba ne, to wani abu ne daban, mu neme shi."

Inna ta ga maganar da gaskiya a ciki, amma ba ta son ta ba shi gaskiyar a gabana. Ta ce, "Ko ma mene ne, tunda ka auna yatsa sai ka sayo zobe. Ba a auna yatsan mace a banza." Ranar kasuwar Kura ya dawo da zoben azurfa mai ɗan zane a jiki. Na karɓa ina ɗaure fuska, na juya baya na sa, ya zauna cif.

Zoben ne ya ƙarasa abin da zaren ya fara. Kullum yana hannuna, ranar daɗi da ranar wuya. A ranakun da nake jin yatsan ya kai girman taɓarya, sai in murza zoben in ga yana juyawa yadda ya saba. Na daina jin haushi, na koma mamaki. Abin da nake ji gaskiya ne, abin da idona ke gani ma gaskiya ne, kuma sun ƙi haɗuwa.

Na kai wannan magana wurin malamin asibitin garinmu, wani dattijo mai haƙuri. Ya saurare ni, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malama, gaskiya abin nan ya wuce sanina, kuma ba na son in ci gaba da ba ki maganin abin da ba shi ke damunki ba. Zan rubuta miki takarda ki je babban asibiti a birni."

Muka tafi da Maigida ranar Talata, lokacin ɗiban tumatir. Motar da muka hau daga Kura ta yi ta ratsa manyan motoci da aka loda wa kwanduna, kowane gargada sai na ji shi a ƙuguna. Muka yi layi har kusan azahar. Likitar da aka tura mu wurinta mace ce, za ta girme ni da kamar shekara goma, gajeriya, mai magana a nutse. Ta ce in ba ta labari tun daga farko. Na fara, ina jiran ta katse ni ta rubuta magani kamar yadda na saba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta fara tambaya.

"In kin yi barci, kina tashi kamar ba ki yi ba?"

Na ce, "Haka ne."

"Kina mantuwa? Magana ta zo bakinki ta ɓace?"

Na dubi Maigida, don ko shi ban faɗa wa labarin saiwa ba. Na ce, "Likita, wa ya gaya miki?"

Ta yi murmushi. Ta tambaye ni ciwon kai, ta tambaye ni yanayin cikina, ta tambaya ko sanyi da ɓacin rai suna tayar da ciwon. Duk na ce e. Sannan ta sa labule ta duba ni. Ta lanƙwasa gwiwoyina da gwiwar hannu da yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana taɓawa da bayan hannunta ko akwai zafi. Daga nan ta fara danna wasu wurare da babban yatsa: ƙeya, gefen wuya, saman kafaɗa, ƙasan gwiwar hannu, gefen ƙugu, cikin gwiwa. Ba da ƙarfi take dannawa ba, amma kusan ko'ina ta taɓa sai na zabura. A saman kafaɗa har salati na yi da ƙarfi, na ji Maigida ya miƙe tsaye a bayan labule. Ta danna goshina, ban ji komai ba.

Ta rubuta gwajin jini iri-iri da hoton ƙashi, ta ce mu dawo bayan mako biyu.

Ranar da muka koma ta baje takardun a kan tebur. Ta ce, "Malama, jininki lafiya. Akwai gwajin da ke nuna in kumburi na ci a cikin jiki, naki bai nuna ba. Gaɓoɓinki ma lafiya."

Zuciyata ta karye. Na ce a raina, shi ke nan, ita ma za ta ce ba abin da ke damuna.

Sai ta ce, "Amma ciwonki gaskiya ne, kuma yana da suna." Ta ja takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta faɗa mini sau biyu: faiburomayaljiya. Ta ce ba ni kaɗai ba ce, ta ga mata da yawa da shi, har da maza. Ta ce tsokar ba ta lalace ba, ba ta kuma kumbura ba. Matsalar tana ga jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Sun zama masu saurin ji fiye da kima, abin da wani zai ji a matsayin taɓawa ko 'yar gajiya, ni sai ya iso mini a matsayin ciwo. Har jin kumburin ma daga nan yake.

Maigida ya matso da kujerarsa. Ya ce, "Likita, wato tana jin kumburi amma babu kumburin?"

"Haka ne."

Ya juyo ya dube ni, bakinsa na motsi. Na ce, "Malam, in ka ce uffan a kan zaren nan, a ƙasa za ka koma gida." Likita ta tambayi wane zare. Da muka ba ta labari ta yi dariya har da dafa tebur. Ta ce, "Ku biyun duk kuna da gaskiya. Kai ka auna yatsa, ita kuma ita ke cikin yatsan."

Na tambaye ta abin da ya fi ba ni tsoro, wanda ban taɓa furtawa ba. Na ce, "Zan gurgunce?"

Ta ce, "A'a. Ciwon nan ba ya cin gaɓa, ba ya nakasa mutum. Ba ni da maganin da zai kore shi gaba ɗaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma za ki koyi zama da shi har ya rage miki yawa." Ta ce in daina ƙwayoyin kumburin nan da ke ƙona mini ciki. Ta rubuta wata 'yar ƙaramar ƙwaya da zan riƙa sha da yamma don barci ya yi nauyi, jijiyoyin su lafa. Ta ce ɗumi zai taimaka. Ta ce in tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Sannan ta faɗi abin da ban zata ba: in riƙa tafiya a ƙasa kullum, kaɗan kaɗan, ina ƙarawa. Kwanciya, in ji ta, ƙara sanƙarar da jiki take yi. Ta kuma ja mini kunne, in na ga gaɓa ta kumbura da gaske, ta yi ja, ta yi zafi a hannu, ko zazzaɓi ya zo, kada in ce wannan ciwon ne, in dawo, don wani abu ne daban.

A bakin ƙofar asibitin na tsaya na yi kuka, amma ba irin na da ba. Maigida ya ruɗe. Na ce masa murna ce. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda aka ce ciwonsa ba ya warkewa yana murna ba. Na ce, "Ba ka taɓa yin shekara da ciwo marar suna ba." Ya saya mini gurasa da ƙuli da rake, muka ci a tasha muna jiran mota ta cika.

Da muka iso gida Inna na shanya shinkafa a kan tamfol. Ta ajiye abin bazawa ta ce, "To, me suka ce? Sanyin ne ko?"

Na zaro takardar na karanta mata sunan.

Ta ce, "Fai me?"

Na sake faɗa a hankali.

"Faifai?"

"Ba faifai ba, Inna."

"To ni dai faifai na ji. Duk wannan wahala a kan faifai? Ai ina da guda huɗu a ɗaki, da kin tambaya."

Muka yi dariya har na riƙe haƙarƙari, don dariya ma ciwo take sa ni a lokacin. Daga ranar sunan ya bi ciwon. Da safe Inna za ta leƙo ta ce, "Yaya faifan yau?" In ce, "Yana rataye, Inna," wato da sauƙi. In ya motsa kuma in ce, "Yau ya faɗo." Maigida ya zauna ya yi mata bayanin jijiyoyi da yarensa na gona. Ya ce kamar ƙofar kanal ce aka ɗaga ta wuce kima, ruwan da ya kamata ya jiƙa fangali ɗaya sai ya malale gona duka. Inna ta gyaɗa kai ta ce yanzu ta gane, amma duk da haka akwai sanyi a ciki.

Tafiyar ƙasa ta zama abin magana. Matar aure ta fita da sassafe tana yawo a bakin kanal ba tulu a kai ba kwando, ai sai a tambaya. Inna ta warware matsalar. Ta ce ita za ta raka ni, duk mai tambaya ya zo wurinta. Ranar farko muka fita bayan gari ya waye, kafin lokacin makaranta. Na ƙudura zan kai wata ƙaramar gada da ke can gaba. Ko rabi ban yi ba ƙafafuna suka ce sun gama. Na zauna a gindin wani mangwaro ina haki. Inna, mai shekara kusan saba'in, ta kai gadar ta dawo ta same ni.

Ta ce, "Wai ni aka ce in yi tafiyar ko ke?"

Washegari na wuni a kwance, na ce likitar nan ba ta san abin da take faɗa ba. Amma na tuna ta ce kaɗan kaɗan, ni kuma na yi zari. Sai na mayar da mangwaron iyakata. Mako biyu ina zuwa gindinsa ina dawowa. Sannan na ƙara zuwa inda ake wankin albasa. Sai da na yi kusan wata uku kafin na taka gadar nan, ranar kuwa Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gonaki har masu ban ruwa suka ɗago kai.

Ban san na shekara goma a bakin kanal ɗin nan ban taɓa kallonsa ba sai a lokacin. Da safe ruwan yakan yi lumui, yana tafiya ba ƙara. Manoma na tsugune a gefe suna nutsa bututun roba su toshe baki da tafin hannu su jefa cikin gona, ruwa ya kama zuba. Balbelu na bin bayan masu huɗa. Ƙamshin ganyen tumatir da aka taka daban, na albasa daban. Matan rugar da ke bayan gonaki sukan wuce mu da ƙoren nono a ka, muna gaisawa, har suka saba in ba su gan mu ba sai su biyo gida su tambaya.

Inna ta ƙirƙiro nata maganin. Ta ɗinka 'yar jaka doguwa da tsohon zani. In ta sauke shinkafa daga wuta ta bari ta ɗan huce, sai ta cika jakar da shanshera mai ɗumi ta ɗora mini a wuya da kafaɗu. Ban taɓa samun abin da ke kwantar mini da tsoka irin wannan ba. Nakan zauna a kan turmi kusa da ita, jakar a wuyana, ina duba littattafan yara, ita tana ba ni labarin zamanin da ba a haƙa kanal ba, lokacin da in damina ta wuce maza sai su tafi cin rani gari ya zama na mata. In jakar ta huce ta juye shinkafar a tamfol, ta ce wannan mudun ya fi sauran albarka tunda ya yi aikin asibiti.

A makaranta na canja yadda nake aiki. Na daina rubutu a saman allo, na tsaya daidai kafaɗa. Na nemi kujera mai jingina. Na koyi raba aiki: in na yi wanki yau, ba na yin daka. Wannan ya fi komai yi mini wuya, don ranar da jiki ya yi daɗi sai in ji kamar in gama aikin mako a wuni ɗaya, kuma duk ranar da na yi haka sai faifai ya faɗo. Ciwon bai tafi ba. Lokacin sanyi yakan matsa, haka in raina ya ɓaci. Amma ranakun daɗi suka fi na wuya yawa, cikina ya daina zafi, barcina ya fara zama barci.

Akwai wata dattijuwa cikin masu kawo nono da muka shaƙu da ita. Wata rana ta sauke ƙwarya a tsakar gidanmu, ta zauna da ƙyar. Ta ce ta ji labarin ciwona, ita ma irinsa gare ta, in sam mata ƙwayar da nake sha. Na ce ta nuna mini. Ta ɗage zani. Gwiwarta ta dama ta yi biyun ta hagu, tana sheƙi. Na sa bayan hannuna kamar yadda na ga likita ta yi, na ji zafi rau.

Na ce, "Gwaggo, naki ba irin nawa ba ne. Nawa ji nake yi, ido ba ya gani. Naki ga shi a fili, ga zafi. Wannan kumburi ne na gaske, ƙwayata ba za ta yi miki komai ba. Asibiti za ki je, kuma kada ki bari ya kwana biyu."

Ta yi gardama, ta ce shanu da jikoki. Inna ta sa baki da irin muryar da ba a musa mata. Washegari ɗanta ya kai ta a babur. Bayan mako uku ta dawo tana takawa sosai, ta ce an zuƙe mata ruwa a gwiwar an ba ta magani. Ta kawo mini man shanu cikin ƙaramar ƙwarya, ta riƙa ce mini likita. Na ce ta rufa mini asiri, abu ɗaya tak na sani a likitanci, kuma a jikina na koye shi.

Shekara biyu bayan zuwanmu birni aka yi bikin ƙanwata a Bunkure, autarmu, wadda ta gama karatun ungozoma. Na tafi tun ana saura kwana uku. Na gaya wa 'yan'uwana ba zan yi daka ba, ba zan ɗauki tukunya ba, amma duk wani yankan albasa da ƙullin kayan rabo a kawo mini. Suka ba ni tabarma da matashi a inuwa, na zauna kamar wata hakima ina ba da umarni.

Ranar wuni, bayan la'asar, masu kiɗan ƙwarya suka zauna a tsakar gida. Na yi niyyar kallo kawai. Na san abin da rawa za ta jawo mini, na lissafa shi sarai. Ina zaune ina kaɗa kai, sai amarya ta ɓalle daga cikin ƙawayenta ta zo ta tsaya a gabana, lalle har gwiwar hannu. Ta ce, "Yaya, ko sau ɗaya." Na dube ta. Ni na goye ta, ni na fara koya mata baƙi.

Na miƙe. Na gyara ɗaurin zani na shiga fili. Da farko a hankali, ina sauraron ƙuguna. Sai mai kiɗa ta gane ni ta canja salo, mata suka buɗe mini wuri, yayyenmu suka shigo, guɗa ta tashi ta ko'ina. Na manta da sauraron komai. Waƙa uku na yi a tsaye, gyalena ya zame ban sani ba, ƙanwata na riƙe da hannuna tana dariya tana hawaye.

Kwana biyu na yi a kwance bayan nan, a ɗakin mahaifiyarmu, ko juyi sai da dabara. Maigida ya zo ɗaukata a rana ta uku. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaida surukarsa, sannan ya leƙo ya ce, "Malama, labari ya riga ki isa gida. An ce ke kika tashi wurin."

Na ce, "An faɗi gaskiya."

"To yanzu yaya jikin?"

"Kamar an bi ta kaina da tarakta."

"Kin yi nadama?"

Na ce, "Saura bikin ƙanenka bayan girbi. Ka gaya wa masu kiɗa su zo da wuri."

Ya yi dariya, ya shigo ya kama ni na miƙe. Mahaifiyata ta ɗaura mana ƙunshin alkaki da nakiya a bayan babur, muka kama hanyar gida a hankali, yana kauce wa ramuka.